Kwamfutar Dakta da Mabuɗin Rijiya

Masu aiko min da saƙo kuna cewa in yi haƙuri in aure shi, wai irinsa ba a samu sau biyu, na gode ƙwarai, Allah Ya ba kowacce a cikinku irinsa. Ku matso in ba ku labarin kyautar da ya yi min, sai mu ga ko har yanzu kuna kan bakanku.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, sana'ata kuma haɗa kiɗa da gyaran sauti. Mawaƙi ya rera ya tafi abinsa, ni in zauna gaban kwamfuta in yi ta dafa muryar har ta nuna. A wurin Gwaggo, yayar mahaifina da ta zo mana kwana biyu tun bara, sunan wannan sana'a danne-danne, ni kuma Injiniya take kirana, da irin muryar da ake kiran malalaci da sarkin aiki. Shi kuwa Dakta likitan haƙori ne, mai tsabta, mai natsuwa, wanda in kina masa magana ba idonki yake kallo ba, bakinki yake leƙe. Mama na sonsa. Gwaggo na sonsa. Ni kaɗai ake jira ciwon ya kama.

Ranar da ya zo da kyautar, Mama ta sa na cire rigata mai faɗi da ta koɗe, wadda nake jin daɗin aiki a ciki, na saka doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, masu yagar fata kamar suna bina bashin gaba. An yaye ledar kujerun falo, abin da ba a yi wa kowa sai shi. An fito da kofunan gilashin da tun tasowata ban taɓa ganin leɓe a kansu ba. Ya shigo cikin farar riga mai karin guga, ya ajiye kwali ɗaure da jan zare a kan tebur.

"Gimbiya, na gaji da jin kukan waccan tsohuwar taki duk lokacin da na kira ki. Buɗe ki gani."

Na buɗe. Kwamfuta ce siririya, ruwan azurfa, mara nauyi kamar faranti.

"Abin nema ya samu," in ji Gwaggo, tana shafa kwalin kamar ita aka kawo wa. "Injiniya, ba ki da baki ne?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi har cikin raina. Tsohuwa, haka nake kiran kwamfutata, ta daɗe da cancantar hutu. Batirinta ya mutu, in aka taɓa waya sai ta suma. Fankarta na kuka kamar injin markaɗe. A kan kwalin ƙwai nake ɗora ta don iska ta shiga ta ƙasa, madanni guda kuma ya fita, sai dai in danna ɗan robar da farce. Ga shi a lokacin ina riƙe da aikin da ya fi kowane muhimmanci a rayuwata: wani darakta ya ba ni kiɗan fim ɗinsa gaba ɗaya, kuma a karon farko sunana ne zai hau allo, ba sunan situdiyon wani ba. Kafin ƙarshen mako yake so. Na yi wa Dakta godiya da gaske, shi kuma ya ce min haƙorina na sama na buƙatar wanki.

Yanzu ku ba ni aron kunnenku, don a nan gizo yake saƙar. Mutanen gidanmu sun ɗauka sauya kwamfuta kamar sauya akwatin kaya ne, ka kwashe daga nan ka zuba can. Waƙoƙin kam haka ne, na kwafe su kaf a faifan ajiya. Amma babbar manhajar kiɗa ba ita kaɗai take aiki ba. Akwai ƙananan manhajoji da ake jona mata, mu muna ce musu fulogin: wannan ya tace murya, wancan ya ƙara wa ganga nauyi, wani ya ba da amsa-kuwwa. Kowanne da mabuɗinsa, wato lambar izinin amfani da shi, kuma mabuɗin a jikin kwamfuta yake zama. In za ka tashi, dole ka shiga tsohuwar da kanka ka sallame shi, sannan sabuwar ta karɓa. In ka goge ta ba ka sallame shi ba, ka binne mabuɗin da ita.

A cikinsu akwai wani tsohon fulogin da muke kira Rijiya, don yakan sa murya ta fito kamar mutum na rera waƙa a bakin rijiya da sanyin safiya. Duk kiɗan fim ɗin nan a kansa na gina shi. Masu shi sun daina sayarwa, sun daina amsa saƙo, shafinsu ne kawai ya rage yana numfashi. Kujera biyu mabuɗinsa yake da ita, wato kwamfuta biyu kawai yake yarda ya zauna a kai. Ɗaya ta Tsohuwa. Ɗayar ta Dogo.

Na san yanzu wasunku sun gyara zama. Dogo mai jita ne, tare muka koyi aiki, tare muka haɗa ɗan situdiyo a wani ɗaki mai katifu manne a bango, tare muka sayi fulogin ɗin nan. Mutum ne da zai iya yini yana miki bayanin dalilin da ya sa ganga ta danne murya, amma ya kasa haɗa kalma uku a kan abin da ke ransa. Wata rana ya rako ni gida, Gwaggo ta tare shi a ƙofa ta ce, "Kai yaro, meye nufinka da 'yar nan?" Ya kalli takalminsa ya ce, "Aiki ne kawai, Gwaggo." Ina tsaye ina ji. Washegari na kwashe makirfona da Tsohuwa na dawo ɗakina, kuma tun ranar ban sake ce masa ko sannu ba. Ya yi min ciwo.

To, na shimfiɗa kwamfutocin biyu a kan gado, na fara saka manhajoji a sabuwar. Sai na zo jona akwatin sautina, na juya ta hagu, na juya ta dama. Babu ramin da zai shiga. Don tsabar gayu, ƙananan ramuka biyu kawai aka yi mata, kamar hancin jariri. Dole na ɗauki jaka na fita neman mahaɗi, na bar Tsohuwa a kunne tana markaɗenta, da niyyar in na dawo in sallami mabuɗan ɗaya bayan ɗaya.

Shago na farko babu. Na biyu ya ba ni wanda bai dace ba yana rantsuwa. A na uku na samu. Na dawo rana ta karya, na tura ƙofar ɗaki, sai na ji shirun da ban saba da shi ba. Kwalin ƙwai na nan a kan gado. Tsohuwa ba ta nan.

"Mama, wa ya shiga ɗakina?"

Tana ninke kayan wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Au, Dakta ne ya biyo. Ya ce tunda kin samu sabuwa, bari ya rage miki tarkace. Asibitinsa zai kai ta."

"Kika ba shi?"

"To da cinye ta zan yi? Mutum ya ba ki sabuwa fil, ki hana shi gwangwani?"

Gwaggo ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu. "Ni na ɗauko masa. Har da cajar, don kar a ce mun yi rowa."

Na kira shi, bai ɗauka ba. Na tura saƙo: "Don Allah kar a taɓa kwamfutar nan." Na sake turawa: "Dakta, kar a goge komai." Alama ɗaya ce ta fito, ba ta zama biyu ba. Na fice da silifas ɗin banɗaki a ƙafata, sai a cikin mota na lura.

Asibitin Dakta fari ne tas, sanyi kamar cikin firji, da hoton wani ƙaton haƙori yana murmushi a bango. Ina shiga na gan ta. Tana kan teburin mai karɓar baƙi, an goge mata jiki, an ɓare 'yan hotunan da na manna mata, har madannin da ya fita an saka mata wani. A allonta sunayen masu ciwon haƙori ne a jere. Na tsaya kamar wadda ta tarar da kakarta tana aikatau a gidan mutane.

Dakta ya fito da ƙyalle a hanci, safar roba a hannu.

"Gimbiya, kin ga aikin da aka yi mata? An wanke ta tas, ciki da waje. Da kin ga ƙurar da ta fito."

"An goge abin da ke ciki?"

"Kaf. Mai gyaran namu ba ya wasa."

Na dafa teburin. Na yi masa bayanin mabuɗi, na yi masa bayanin Rijiya, na ce masa aikin fim ɗin ba zai buɗe yadda na gina shi ba. Ya saurare ni da irin haƙurin da yake yi wa yaro mai tsoron allura.

"Faɗi sunansa in saya miki wani."

"Ba a sayarwa."

"To abin da aka daina sayarwa ai ya ruɓe ke nan. Mu a nan cirewa muke yi." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya sassauta murya. "Kar ki ɗaga hankalinki a kan wannan. Ni da na saya miki ita, tunanina ki riƙa kallon fim, in mun zauna kuma ki ɗan riƙa taya ni tsara ranakun marasa lafiya. Kiɗe-kiɗen nan ai na ɗan lokaci ne. Gwaggo ma ta ce da kin samu abin yi za ki bari."

Wani bawan Allah daga ciki ya yi gurnani da baki a buɗe, Dakta ya ce yana zuwa. Na juya na fito. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi, don zagi ana ramawa. Wannan kuwa da fara'a ya faɗa, da zuciya ɗaya, kuma ya yi imani alheri yake min.

A gida na rufe ƙofa na buɗe babbar waƙar fim ɗin a sabuwar kwamfuta. Sauran fulogin ɗin na rubuta wa masu su, suka tausaya suka sake min mabuɗai. Amma duk inda Rijiya take, wani jan rubutu ne ke cewa ba a same ta ba. Na kunna. Muryar mawaƙiyar ta fito a bushe, tsirara, kamar tana rera waƙar a cikin kwali. Na gwada wata amsa-kuwwar, ta zama kamar a banɗaki. Na gwada wata, ta koma kamar a tashar mota. Darakta kuwa da Rijiya ya ji samfurin, da ita ya ce ya yarda. Na kifa kai a kan gwiwa na yi kuka mai isata, sannan na share fuska don kar Gwaggo ta samu abin shan shayi.

Na shiga shafin masu Rijiya. Kujera biyu, duka a cike. Ta farko an rubuta Tsohuwa, wadda yanzu ba mai iya tashinta. Ta biyu an rubuta Dogo.

Na ɗauki waya na nemo sunansa can ƙasa. Saƙonsa na ƙarshe, tun ranar da na bar situdiyo, yana nan ban amsa ba: "Kin bar abin kunnenki na jin sauti." Ku ji fa. Mace ta tafi da zuciya a dagule, abin da ya gani ke nan.

Na rubuta doguwar gaisuwa, na goge. Na rubuta bayani, na goge. Daga ƙarshe na tura:

"Tsohuwa ta mutu da kujerata ta Rijiya."

Ko ajiye wayar ban yi ba ya amsa. "Wa ya kashe ta?"

"Likita."

"Allah Ya jiƙanta. Ta yi aiki."

Na harari wayar. "Ba roƙo nake ba. Sanarwa ce."

"Na sani. Ba ki iya roƙo ba."

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta dawo, ta sake ɓacewa. Na ce a raina, ga shi nan, halin bai canza ba, yanzu zai turo min bayanin yadda ake haɗa amsa-kuwwa da hannu. Sai ga saƙo:

"Duba shafin."

Na duba. Kujera ta biyu babu kowa a kai.

Wanda ba ya wannan sana'a ba zai gane girman abin ba. Duk waƙoƙin da Dogo ke haɗa wa mutane a kan Rijiya suke. Daga wannan lokacin, kowace ya buɗe, jan rubutun nan zai gani. Ya kashe fitilar ɗakinsa ne don tawa ta kama.

"Kai fa?" na rubuta.

"Gama naki. Sunanki ne zai hau allo."

Na danna, sabuwar kwamfuta ta karɓi mabuɗin, na kunna waƙar. Muryar ta buɗe, ta yi zurfi, ta dawo da sanyinta. Tsigar jikina ta tashi. Na ji haushinsa, na ji kewarsa, duka a lokaci guda, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Sauran kwanakin ban san me aka dafa a gidan ba. Na koma cikin koɗaɗɗiyar rigata, abin kunne a kai, Gwaggo na wucewa tana min kallon hadarin kaji. Dakta na turo hotunan labule yana tambayar wane launi Gimbiya ta fi so. Ranar da na miƙa aikin, darakta ya saurara ya turo min kalma uku: "Haka nake so." Ya haɗo da hoton allo, ga sunana a rubuce, shi kaɗai, ba a jingina shi da na kowa ba. Na kai wa Mama ta gani. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe har rubutawa ake yi." A bakin Mama wannan lambar yabo ce.

Da yammacin ranar aka sake yaye ledar kujeru. Dakta ya zo da ƙaramin kwalin man goge baki, wai na ban haƙuri. Ina zaune cikin rigar duwatsu ina sosa wuya, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gwaggo ta je ta buɗe.

Dogo ne, da wandonsa da ya sha wanki, faifan ajiya a hannu ɗaya, tsohon abin kunnena a ɗayan. Ya rame kaɗan. Ban ce na lura ba, labari nake ba ku.

"Au," in ji Gwaggo. "Mai aiki ne kawai. Yau ma aikin ne?"

Ya gaishe ta, ya gaida Mama, ya miƙa wa Dakta hannu. "Aikin ne, Gwaggo. Mabuɗin da nake aiki da shi yana cikin kwamfutarta, ko'ina ba ni da wani." Ya kalli takalminsa, na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Sai ya ɗago. "Amma ba shi kaɗai ba ne. Tambayar da kika yi min rannan, ba ni na amsa ba, tsoro ne ya amsa. Na zo in gyara."

Ku duba ikon Allah. Dakta da hannunsa ya sayo kwamfuta, da hannunsa ya kai Tsohuwa aka goge, da hannunsa ya share wa Dogo hanya har tsakiyar falonmu.

Dakta ya ajiye kofin gilashi a hankali. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa.

"A kwamfutar da na saya za ku yi aikin?" Ya juyo gare ni da murmushi. "Gimbiya, ina ganin ya kamata a tuna kayan wa ke cikin ɗakin nan."

"Gaskiya ne," in ji Gwaggo da sauri.

Na ce, "Gaskiya ne, Dakta. Ina zuwa."

Na shiga ɗaki na bar su suna kallon juna. Aikina na kan faifan ajiya tun tuni. Na buɗe fulogin ɗin ɗaya bayan ɗaya ina sallamar mabuɗansu. Rijiya ce ta ƙarshe. Na danna, na duba shafin, kujerar ta koma babu kowa. Na goge duk abin da yake nawa, na rufe kwamfutar, na mayar da ita kwalinta, har jan zaren na ɗaure yadda ya zo. Ina sonta, kar ku ɗauka ba na sonta. Ba ta taɓa min kuka ba, ba ta taɓa suma ba. Amma na riga na ga abin da ake yi wa wadda ta bar mabuɗinta a cikin kayan Dakta.

Na fito na ajiye kwalin kusa da man goge bakin.

"Na gode ƙwarai, Dakta. An wanke ta tas, ciki da waje."

Mama ta sauke farantin da ke hannunta a kan kujera, ba a kan tebur ba.

Na juya wurin Dogo. Ba ni da kwamfuta, ba ni da Tsohuwa, ba ni da tabbacin mutumin nan zai iya kai jimla ƙarshenta. Zuciyata na bugu kamar gangar da ba a tace ba.

"Kai kuma, kujera na can babu kowa a kai. Amma kafin a yi maganar wanda zai zauna, Gwaggo na jiran amsarta. Ni ma ina ji."

Dogo ya ajiye faifan, ya ajiye abin kunnen, ya share tafin hannunsa a wando. Ya buɗe baki.

Har Dakta sai da ya leƙa.